Dankalin Gonar Kawu Bikkar

Duk wanda ya ce muku ƙanina Bikkar Singh yana da gona, ku tambaye shi a wace nahiya take. Ni na goye shi, ni na share masa majina, kuma har yau da gemunsa ya fara furfura ban taɓa ganin ya shuka ko barkono a gwangwani ba. Abu ɗaya ya iya nomawa, shi ne baki, kuma wannan kam damina ba ta taɓa ba shi kunya ba. Amma a lungunmu na bayan kasuwar yadi a Amritsar, in ka ce "dankalin Bikkar", har masu zaman makoki sai sun sunkuyar da kai suna ɓoye dariya.

Nimrat ita ce 'ya ɗaya tilo da mijina ya mutu ya bar mini. Aikin jinya take yi, kuma a wurin aikin ta haɗu da wani yaro, Jaskaran, ɗan manoman auduga daga wani ƙauye can wajen Mansa. Yana sonta, tana sonsa, ubansa Gurmel Singh bai ƙi ba. Sai dai a gidansu ba uba ke yanke magana ba, kakar yaron ce, Bibi Nasib Kaur, wata 'yar tsohuwa da ba ta fi tsayin taɓarya ba, amma in ta yi gyaran murya maza sukan gyara zama. Ta aiko cewa za ta zo ziyara Darbar Sahib, babban ɗakin ibadarmu mai zinariya da ke tsakiyar tafki, da mutanenta, ta ga yarinya, ta ga dangin yarinya. Kowa ya san abin da ake nufi. Jan mayafi na cikin jakarta. In ta yafa wa Nimrat, aure ya tabbata. In ta koma da shi ƙauye, ba mai sake ta da zancen.

To dangin yarinya kuwa ni ce da Bikkar. Shi ne kawu, shi zai sa mata jajayen awarwaro ranar biki, shi ne wai namijin gidan. Da ana ba da hayar kawu a kasuwa, da na karɓo na yini ɗaya ko nawa ne.

Labari na isa kunnensa sai ga shi ya faɗo gidana yana murza gashin baki. Wai dama ya daɗe yana shirin buɗe kamfanin kai baƙi yawon ganin gari, ga shi Ubangiji ya kawo masa 'yan gwaji har gida. Ya zayyana mini tsari: zai ɗauko su daga tashar jirgin ƙasa, ya nuna musu tsohuwar ganuwa, ya kai su Darbar Sahib, da yamma kuma ya kai su bakin iyaka su ga sojoji suna ɗaga ƙafa har goshi, sojojin da a cewarsa duk sun san shi da suna. Na ce masa abu uku nake roƙo, ya gaishe su, ya ci abinci, ya rufe bakinsa.

"Yaya, ke ba ki san mutanen ƙauye ba," in ji shi. "In ba ka rikita su ba, ba sa ganin girmanka. Kafin rana ta faɗi da kansu za su roƙe mu yarinyar nan. Kuma ki rubuta ki ajiye, baƙin Bikkar Singh ba sa bin layi."

Nimrat na daga ɗaki tana jin mu. Na ji ta ajiye kofi da ɗan ƙarfi.

Ya je ya ari keken haya mai ƙafa uku mai batir wurin maƙwabcinmu Ajmer, wanda abincinsa da na 'ya'yansa duk a kan keken nan yake. Ajmer ya ba shi ne don kunyata, ba don shi ba, ya kuma ja masa kunne cewa lallai keken ya kwana a caji. Bikkar ya ce shi da ya tuƙa babbar mota har Kashmir za a koya wa abin wasan yara? Ya jona caji kuwa. Can kuma ya tuna sabon rawaninsa ruwan hoda bai sha guga ba, ya zare wayar cajin ya jona dutsen guga, ya goge rawani ya yi masa kari kamar bakin wuƙa, ya je ya yi barcinsa.

Da safe baƙi suka sauka, mutum goma sha wani abu, maza da mata, kowa da ƙullinsa. Keken na mutum biyar ne in an matsu. Na ce a kira wani, Bikkar ya ce cin fuska ne a raba baƙi biyu. Aka ɗora tsohuwa da mata a kujera, maza suka maƙale a gefe kamar jemagu, Jaskaran ya zauna a kan akwati. Matan lungunmu da suka biyo mu ganin ƙwaƙwaf suna tsaye a gefen titi, ɗaya na tambayar ɗaya ko gudun hijira aka sake yi.

Keke ya yi tafiya kamar ta kirki har bakin tsohuwar ƙofar gari, sannan ya yi wani ɗan kuka irin na kyanwa ya tsaya cak a tsakiyar hanya. Motoci suka cika mana kunne da ƙaho. Bikkar ko gezau. Ya juyo ya shaida wa baƙi cewa da gangan ya kashe, don masu ziyara na asali da ƙafa suke shiga garin nan, kuma shi ba zai tauye musu lada ba. Sai dai a ɗan taimaka a tura keken gefe. Gurmel Singh, mutumin da ke da tarakta biyu a gidansa, shi ne ya naɗe hannun riga yana turi, gumi na bin gemunsa, Bikkar na zaune a kan sitiyari yana ce masa a yi dama-dama. Aka bar keke a bakin wani shago. Bikkar ya zare buhuna na fulawa da ya shimfiɗa a kujera, mai shuɗin faci a gindi wanda na ɗinke da hannuna, ya naɗe ya soke a hammata.

 Tsohuwa ta gyara ratayar jakarta, ni kuma idona na kan jakar.

A hanya ya tsayar da mu wurin mai lassi, kindirmon nan da ake kaɗawa a sha, wai ba a shiga Amritsar da busasshen maƙogwaro. Bibi Nasib ta ce ita ba ta sa komai a baki sai ta yi gaisuwa a Darbar Sahib. Ya ce to kada a yi asara, ya ɗaga kofinta ya bi da nasa, kofunan nan da kowanne ya kai tsayin damtse. Man da ke saman lassin ya zauna masa a gashin baki fari fat, ya yi ta yawo da shi. Nimrat ta yi masa alama ya goge, ya ɗauka jinjina take masa, ya ɗaga mata hannu.

Daga nan aka buɗe tarihi. Ya ce lokacin da Guru Ram Das ya sa aka fara haƙa tafkin Darbar Sahib, kakan kakanmu ne ya ɗauki kwandon ƙasa na farko. Ya ce da Maharaja Ranjit Singh ya sa aka lulluɓe ɗakin da zinariya, shi dai wannan kakan namu ne ya riƙe wa maƙera tsani. Gurmel, da har lokacin yake haki, ya ce yana jin tsakanin abu biyun nan an fi shekara ɗari biyu.

"Danginmu muna da tsawon rai, Sardar," in ji Bikkar, don haka muke kiran duk mai rawani don girmamawa. "Wannan ma wani abu ne da ya kamata ku duba."

Kakanmu dai daga wajen Lahore ya gudo shekarar da aka raba ƙasa, da tulun yaji guda a ka, kuma tsani ɗaya da na san ya taɓa riƙewa daga kansa ya faɗo. Na haɗiye wannan don ba ranar faɗarsa ba ce. Wuri ɗaya kawai bakin Bikkar ya mutu, lokacin da muka wuce ɗan siririn lungun shiga lambun Jallianwala, inda sojojin Turawa suka buɗe wa mutane wuta. Tsohuwa ta tsaya ta haɗa hannu, shi ma ya haɗa. Ko Bikkar ya san inda ba a ƙarya. Muna wucewa kuwa ya ɗora daga inda ya tsaya, wai kifayen tafki suna gane takunsa.

Ranar farkon wata ce, jama'a ta cika maƙil. A ɗakin ajiye takalma layi ya miƙe. Kowa a garin nan ya san layin ba ya daɗewa. Ka miƙa takalminka, a ba ka ɗan ƙarfe mai lamba, ba ko sisi, kuma mai yiwuwa wanda zai karɓa ya goge maka shi attajiri ne da ya fi ƙarfin ya gaishe ka a kasuwa. Gurmel har ya kama hanyar layi. Amma Bikkar ya riga ya faɗa a gidana, ya maimaita a tasha, ya sake faɗa wurin mai lassi. Ya tare gaba ya warware buhu.

Ya ce wannan layin na gama-gari ne. Shi yana da mutuminsa a wani ofishi na musamman inda ake ajiye takalman manya, har da fanka. Kowa ya zuba nasa a nan. Na matsa kusa na ce masa a hankali, Bikkar, wane ofishi, wane mutum? Ya ce, Yaya, ki bar harkar maza. Baƙi suka dubi juna, suka dubi tsohuwa. Ta cire 'yan takalmanta masu aikin zare da lanƙwasasshen hanci ta jefa a buhu, sauran suka bi. Ya cire nasa ya ɗora a sama, ya ɗaure baki, ya saɓa, ya ce mu shiga, zai same mu a langar, wurin da ake ciyar da kowa kyauta.

Muka wanke ƙafa muka sauka matakala. Ni da na tsufa ina ganin wurin nan, har yau in zinariyar ta faɗo a kan ruwa sai na ji ƙirjina ya yi sanyi. Tsohuwa ta durƙusa ta kai goshi ƙasa, da za ta tashi gwiwa ta ƙi, Nimrat ta tallabe ta ba tare da an ce mata ba. Suka zaga tafki tare, a hankali, hannu cikin hannu. A ƙarƙashin tsohuwar magaryar nan na ga Bibi Nasib ta kai hannu kan zip ɗin jakarta.  Sai ta waiga ta ce ina kawun yarinya, ba a yin irin wannan ba namijin gida. Ta janye hannunta.

Abin da namijin gida ke ciki a lokacin, daga bakin Ajmer na ji, don an buga masa waya cewa kekensa ya tare wa wani ƙofar shago, ya taho a fusace yana neman Bikkar, ya same shi, ya kuma fasa faɗan don abin da ya gani ya fi faɗa daɗi.

Ofishi dai babu shi, mutumi babu shi. Bikkar ya yi niyyar ya lallaɓa ya bi layin da ya raina, sai ya hango wata 'yar lungunmu a ciki, ya fasa. Ya kai buhu wani otal, mai gadi ya kore shi. Ya kai wurin mai sayar da awarwaron ƙarfe, ya ce ba ya ajiyar abin da bai ga cikinsa ba. Ga rana ta take, kwalta ta yi zafi, ga shi ba takalmi, yana tafe yana ɗage ƙafa kamar zakara a kan kwano. Ajmer ya ce masa ya kwance buhun ya ɗauki nasa mana. Ya ce ba zai kwance kayan manya a titi ba. Haka ya yi ta zagaye bayan gine-gine yana leƙa lunguna, har wani ɗan sanda da ya daɗe yana kallonsa ya kira shi, ya tambaye shi mene ne a buhu, me kuma yake nema.

Mutum mai hankali zai ce takalma ne, a yi masa dariya a nuna masa hanya. Bikkar ya dubi jama'ar da ta fara taruwa, ya gyara rawani, ya ce gudunmawa ce ya kawo wa langar.

Nan take fuskar ɗan sanda ta sauya. Ya ce ai Sardar ya yi ɓatan kai ne, ga ƙofar can, ya zo ya raka shi. Ya raka shi kuwa, yana buɗa masa hanya, Ajmer na biye yana cizon gefen rawaninsa kada dariya ta fito. A bakin ƙofar an tsayar da tarakta ana sauke buhunan da manoma suka kawo, masu hidima sun yi sahu suna miƙa wa juna hannu da hannu. Kun dai san mutanenmu a wurin nan, ba a barin mutum da kaya a kafaɗa, rige-rige ake a karɓe maka don lada. Kafin Bikkar ya buɗe baki wani ƙato ya sauke masa, ya miƙa wa na gaba, na gaba ya miƙa wa na gaba. Wani dattijo mai farin gemu ya dafa kafaɗarsa ya sa masa albarka.

Daidai lokacin muka iso.

Na hango shuɗin facina yana tafiya daga hannu zuwa hannu. Gurmel kuwa buhu duk buhu ne a wurinsa. Ya ga dattijo na shi wa Bikkar albarka, a karon farko tun safe ya dube shi da mutunci, ya tambaye shi me ya kawo. Na kafe Bikkar da ido ina roƙonsa a zuci. Ƙofa a buɗe take, da ya ce kuskure ne a dawo da buhu, da an wuce wurin. Amma an yabe shi a gaban mutane, kuma Bikkar bai taɓa mayar da yabo ba.

"Ɗan dankali ne daga gonata," in ji shi. "Ba na son a sani, amma tunda kun gani."

Gurmel ya ce ashe Sardar manomi ne, eka nawa? Bikkar ya ce bai taɓa zama ya ƙirga ba. Wane iri yake shukawa? Ya ce wani iri ne daga waje, manya-manya, ba a samunsa a Mansa. Takalma fa? Suna ofishi, ƙarƙashin fanka.

Sai tsohuwa ta yi gyaran murya. Ta ce ita dama ta yi alkawarin ba za ta ci abincin langar ba sai ta yi hidima da hannunta. Tunda ga dankalin gida, ai shi ya fi cancanta. A kawo buhun kawun yarinya, ita da mutanenta za su fere shi.

Bikkar ya ce ai dankalin bai huce daga hanya ba. Ya ce irin wannan sai ya kwana ake fere shi. Ya ce Bibi ta tsufa, wuƙa za ta yanke ta, ga tafarnuwa can mai sauƙi. Ya ce shi ma yanzu ya tuna an ce a yi maza a tafi bakin iyaka kafin sojoji su gaji. Tsohuwa ta riga ta zauna a ƙasa cikin matan da ke yankan albasa, mata sun fi ɗari a kewaye da tamfol, ta karɓi wuƙa ta ɗora a cinya. Ƙaton nan mai son lada ya ruga ya ɗauko buhu, ya kwance, ya kama gindinsa ya zazzage a tsakiya.

Silifa, sau-ciki, takalmin roba na gona da busasshiyar laka a jiki, mai tsini na matar Gurmel, duk suka tarwatse cikin albasa. Ɗaya ya gangara ya tsaya a gaban dattijon da ya sa albarka. Wuƙaƙe suka tsaya. Har ƙarar farantan da ake wankewa a can gefe sai da na ji kamar ta ragu. Takalmi a inda ake gyara abincin langar, a wurin da ko sarki ya zo sai ya tuɓe nasa a waje. Wata mata ta kira sunan Ubangiji, "Waheguru", a hankali, ta janye kwandonta.

Muryar Ajmer ce ta fara fitowa daga baya. "Lallai irin na waje ne. Dankalin bana har da dunduniya."

Dariya ta fashe daga wannan gefe, faɗa ya tashi daga wancan. Wani mai gadi da shuɗin rawani da mashi ya ratso ya tambayi mai buhu. Bikkar, da man lassi har yanzu a gashin baki, ya ce an sauya masa ne. Maƙiya ne. Shi dankali ya kawo, kowa ya shaida, a rufe ƙofofi a nemo ɓarawon dankalinsa.

Gurmel ya sunkuya ya ɗauki wani sau-ciki ya juya shi. "Wannan nawa ne."

"To ka gani, Sardar? Har ofishin suka shiga."

"Wannan mai ruwan zinariya fa, da aka rubuta Bikkar a cikinsa?"

"Bikkar nawa ne a garin nan?"

Ɗan sandan da ya yi rakiya ya ce shi dai Bikkar ɗaya ya rako, da buhu ɗaya. Dattijo bai ɗaga murya ba. Ya ce a kwashe albasar da abin ya taɓa, a wanke tamfol, a fitar da takalma. Sannan ya dubi Bikkar ya ce, ɗana, ɗakin takalma kyauta ne, kuma ba a taɓa korar kowa ba. Wannan ta fi mari zafi. Bikkar ya yi tsuru-tsuru yana kallon yatsun ƙafarsa da kwalta ta gasa.

Ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina ji Gurmel na ce wa uwarsa su tashi, akwai jirgin yamma, shi ya ga abin da ya zo gani. Jaskaran ya ce "Baba", uban ya ɗaga masa hannu ya yi shiru. Na ce a raina shi ke nan, yarinyar nan ta yi shekaru tana tashi da asuba tana wanke ciwon mutane, ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan, ga shi kawunta ya zazzage shi cikin albasa. Hawaye ya zubo mini, kuma ba na albasa ba ne.

Nimrat ba ta tsaya kuka ba. Ta durƙusa ta tsince takalman ɗaya bayan ɗaya, ta mayar a buhu, ta ba matan haƙuri, ta ɗora buhun a kanta ta fita. Muka bi ta zugui-zugui har gaban ɗakin takalman da aka raina da safe, inda yanzu ma babu layin. Ta zauna a ƙasa, ta haɗa kowanne da ɗan'uwansa, ta kama bakin farin mayafin da ke kanta tana goge musu ɓawon albasa da laka, tana ajiye wa kowa nasa a gabansa. Har na kawun nata ta goge. Na tsohuwa ta bari a ƙarshe, ta sa mata da hannunta.

Bibi Nasib ta dubi ƙafarta, ta dubi yarinyar. Ta ce wannan mayafin ya yi dauɗa, ba a yawo da shi a gaban mutane. Ta zuge jaka, ta fito da jan, ta yafa mata, sannan ta zare farin daga ƙarƙashi ta ninke ta sa a jakarta.

Gurmel ya ce, Bibi, bayan duk abin nan?

"Tun daga nesa na ga hancin takalmina ya leƙo ta gefen buhun," in ji ta. "So nake in ga wa zai kwashe." Ta juyo gare ni. "'Yata, daina kuka. Kowane gida akwai irinsa. Namu mun baro shi a ƙauye yana gadin shanu. Ku kuskurenku ɗaya, kun fito da naku."

Sharaɗi ɗaya ta sa. Daga ranar har ranar biki, kullum kawun yarinya zai zo ɗakin nan ya karɓi takalman mutane ya goge, tunda ta ga yana da sha'awar aikin. Bikkar ya ce dama abin da ke ransa ke nan tun tuni, lokaci ne bai samu ba. Ajmer ya ce kafin nan akwai keke da ke jiran turi, kuma wannan karon shi zai zauna a sitiyari.

Ya yi hidimar kuwa, don Ajmer da matan lungu sun ɗauki zuwa duba shi kamar aikin lada. Sati bai cika ba ya fara gaya wa mutane cewa duk Amritsar ba mai goge takalmi kamarsa, kuma auren Nimrat dabararsa ce daga farko har ƙarshe, don in ba a zubar da takalma ba yaushe za a ga tarbiyyar yarinya? Har ya zo ya ce in gode masa. Na nuna masa muciya.

Ranar biki ya sha sabon rawani, ya sa wa Nimrat awarwaronta yana kuka shaɓe-shaɓe, wannan kam na gaske ne. Sannan ya ruga bakin ƙofar ɗakin ibadar da za a ɗaura auren don ya tarbi 'yan rakiyar ango, ya tsaya yana murmushi ya miƙa hannu biyu, ya ce baƙi su kawo takalma a ajiye musu. Mutanen Mansa suka dube shi, suka dubi juna. Tun daga Gurmel har tsohuwa, kowa ya cire takalminsa ya soke a hammata, suka gaishe shi da ladabi suka wuce ɗakin ajiya suka bi layi.